Aikin Malam Murtala da ya ƙi tashi

Har yau ban manta da ranar da aikin Malam Murtala ya kai ni Sabon Gari da tsakar rana ba. Lokacin ni ne mai kula da ɗakin kwamfuta a wata cibiyar koyar da rubuta manhaja a Samaru. Ƙa'idarmu ita ce kowane ɗalibi ya rubuta ƙaramin furogiram a ƙarshen zango, mai jarrabawa ya zo daga waje ya gani. Kafin furogiram ya tashi sai ya bi ta hannun kwamfaila, wato manhajar da ke duba umarnin da ka rubuta ta mayar da shi yaren inji. Kwamfaila ba ta da kara ko kaɗan. A yaren da muke koyarwa, kowane umarni yana ƙarewa da waƙafi mai ruwa, wanda ɗalibai ke kira semikolon. Ka manta guda ɗaya, ta tsaya cak. Aikin da bai tashi ba kuwa, mai jarrabawa ko kallonsa ba ya yi.

Malam Murtala malamin firamare ne daga Bomo, magidanci, ya girme wa kowa a ajin. Hedimastansu ya yi masa alkawarin ajin kwamfuta idan ya kawo takardar shaida a wannan zangon, in ba haka ba a ba wani.

A makon jarrabawa ya kawo mini aikinsa a filash, 'yar ma'ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta. Ina dannawa allo ya cika da jan rubutu. Babu semikolon ko ɗaya, duk an sa aya a wurinsu, kuma kowane layi ya fara da babban baƙi. Na gyara layukan farko a gabansa, na ce ya ƙarasa sauran. Ya ce, "To, Malam, in sha Allahu."

Washegari ya dawo da fara'arsa. Na buɗe, sai na ga har layukan da na gyara da hannuna sun koma gidan jiya. Raina ya ɓaci sosai. Na ce, "Malam Murtala, wasa kake da ni?" Ya rantse an gyara. Na ce wa ya gyara? Ya yi ta sosa ƙeya, daga ƙarshe ya ce Maman Chidi.

Ashe a takarda yake rubuta komai, ya kai wa wata mai shagon buga takardu a Sabon Gari. Mai jarrabawa zai iso bayan la'asar, ga shi Malam Murtala ya baro asalin takardar a can, ni kuma ina son in ga ko kuskuren nasa ne. Na tasa shi gaba muka hau keke napep, ina ta faɗa har muka sauka.

Maman Chidi ta tarbe mu da Hausarta tsaf. Ta miƙo takardar, na duba: rubutun Malam Murtala daidai yake, kowane semikolon na wurinsa. Na ce, "Madam, me ya sa kika canza?"

Ta cire tabarau ta dube ni. "Oga, na daɗe ina buga wa 'yan jami'a furojet ɗinsu na kammala karatu. Aiki ba ya fita daga shagona da datti, kowace jimla sai da babban baƙi da aya. Jiya ma wani ya sake ɓata masa layukan sama, na gyara ban karɓi ko kwabo ba."

Wanin nan ni ne. Na yi mata bayani, ta ce to injin ne bai yi makaranta ba.

A hanyar dawowa na tambaye shi dalilin da bai buga da kansa ba, alhali ga kwamfutoci a cibiya. Ya ce, "Malam, da yatsa ɗaya nake bugawa. Yaran nan sa'o'in 'ya'yana ne, har da wanda na koyar a aji uku. In na zauna sai su kewaye ni suna ƙunshe dariya."

Daga nan na daina faɗa. Duk da haka ban buga masa ba. Da muka koma cibiya da takardar, na kori kowa daga ɗakin kwamfuta, na rufe ƙofa, na ce ya zauna. Ya yi ta caccakar madannai kamar kaza na tsattsagar gero, ni kuma ina kallon agogo ina cizon leɓe. Ya manta semikolon a wani layi, kwamfaila ta yi ja. Na ce ya karanta abin da ta ce. Ya karanta lambar layin, ya nemo wurin, ya sa. Aikin ya tashi mai jarrabawa na ajiye mota.

Tun daga ranar, idan ɗalibi ya kawo mini jan allo, kafin in duba layin sai na tambayi wanda ya buga. Galibi gyaran na minti ɗaya ne, abin da ya hana mutum zama gaban injin shi ne mai wuyar ganowa. Malam Murtala yana koyar da kwamfuta a Bomo yanzu, kuma an ce a ajinsa duk wanda ya yi wa mai buga rubutu da yatsa ɗaya dariya, waje zai fita.