Kusu, Turmi da Ƙafar Yaya

Saura kaɗan in bar labarin ga a cikina, don ba ni ne gwani a ciki ba. Amma tunda matar yayana ta riga ta ba rabin matan garinsu Horo Birni, gara ku ji daga bakina.

Idanun Yaya sun yi rauni shekaru ke nan, dishi-dishi yake gani. Amma in ka gan shi cikin gida ba ka cewa komai. Daga ɗakinsa zuwa randa, daga randa zuwa zaure, ya kauce wa turmi, ya kewaye turken akuya, ba sanda, ba mai ja. Abin taƙamar da ya rage masa ke nan. Ya sha faɗi cewa ranar da anka kama hannunsa cikin gidansa, ranar ya gama zama maigida.

Na zo daga Bodinga wata Talata, na iske ana ƙorafin kusu. Wani ƙato ne ya gano irin geron da anka zaɓa tun kaka, anka ajiye a ɗakin ajiya. Hanyarsa ɗaya: daga ramin gindin danga, ya bi bayan randa, ya laɓe jikin turmi, ya shige ƙarƙashin ƙofa. An ɗana tarko, ya wuce abinsa.

Sai yawon duniya ya motsa mini. Na taɓa zama Zariya gida ɗaya da wani mai kiwon fararen kusa, yana kai wa masu bincike a jami'a. Shi ya ba ni labarin yadda ake sa su cikin akwati mai lungu-lungu, a ajiye abinci a kusurwa guda. In kusu ya bi sau da yawa, sai wani wuri can cikin ƙwaƙwalwarsa ya riƙe hoton wurin duka, har ya daina laluben hanya.

Na ce, "Yaya, kusun ga hoton gidanka ne a kansa. A birkita masa gidan, sai ya ɓace."

Ya ce, "Ji ɗan yawo. Har makarantar kusa ka shiga?"

Washegari shi da matarsa sunka tafi ta'aziyya Mandera. Na naɗe hannun riga. Turmi na mirgino shi tsakar gida, randa na kai ta gindin darbejiya, turke na cire na kafa gefen madafa. Na zauna ina jin daɗin kaina. Wallahi ko sau ɗaya ban tuna akwai wani mai hoton gidan a kansa ba.

Da la'asar sunka dawo. Yaya ya shigo da saurin da ya saba, ya nufi randa zai yi alwala. Ƙwaurinsa ya daki turmi, ya kifa. Ya miƙe, ya kai hannu inda randa take shekara da shekaru, ya damƙi iska. Sai ya tsaya tsakiyar gidansa, hannu a buɗe, yana juya kai. Na ruga na kama hannunsa.

A hankali ya ce, "Sake ni."

Na ce bari in mai da komai yanzu-yanzu. Ya ce, "Bar su. Mu gani ko kusun naka ya ɓace yadda na ɓace."

Kwana biyu bai fito ba sai ya dafa bango ya zaga bayi. Buta ma kai masa ake yi. Matarsa in ta wuce ni sai ta ce, "Sannu, malamin kusa," ko dariyar ba ta yi. A rana ta uku ta kira ni ɗakin ajiya ta nuna mini sabon kashin kusu da zangarniya biyu a gwaguye. Ashe kusun ya bar hanyar ƙasa, ya bi saman danga, ya sauko ta jinka.

A nan na tuna sauran maganar mutumin Zariya, rabin da na yar a hanya. Ya ce in anka sauya wa abincin kusurwa, akwai wani wuri ta gaban ƙwaƙwalwa da ke sa kusu ya saki tsohuwar hanya ya gwada wata. Sai in wurin ya samu lahani ne zai yi ta komawa inda ya saba. Na faɗa wa Yaya haka daga bakin ƙofa, kaina a ƙasa.

Sannan ya yarda in mai da kayan. Aikin bai yi wuya ba, ƙasa ta riƙe shaidarsu: gurbin randa da sauran laima, zoben gindin turmi, ramin turke. Irin kuwa matarsa ta rataye shi a rufi da waya, ta huda tsohon kwano ta kifa a sama, kusu in ya sauko ya zame. Ita ba ta je Zariya ba.

Yaya ya fito yana jan ƙafa. Ya taka hanyar randa sau ɗaya yana lalube da yatsu, ya koma ya sake. A na uku ya saki hannuwansa, ya kauce wa turmi ko taɓa shi bai yi ba.

Ranar komawata Bodinga shi ya raka ni zaure, yana gaba ina baya. Na yi sallama, sai ya riƙe bakin rigata.

"Ɗan yawo, wurin ga na gaban kai da ka ce, mai sa a koyi sabuwar hanya. Shi ma tsufa yake yi, ko har yanzu ana iya koya masa?"