Sallama Ta Huɗu

Dokar nan ni na kawo ta, gara in faɗa tun farko. Mijina ne ya karanta ta a taron gida, amma daga bakina ta fito, kuma kowa ya san haka.

A lokacin muna zaune a Kawo, a wani bene mai hawa uku, gida biyu a kowane hawa. Mu ne a can sama, mu da wata maƙwabciya da ake kira Maman 'yan biyu. Daga barandarmu wata 'yar matakala ta hau rufi, inda tankin ruwa yake da igiyoyin shanya. Duk mai zuwa duba tanki sai ya ratsa ta ƙofar ɗakunanmu. Mu kuwa in zafi ya taso a barandar nan muke wuni da ɗaurin ƙirji, ana tsintar shinkafa, ana kitso, muna jiyo ihun kwandastoci daga tasha.

Ruwa juyi ake yi. Kowane gida da makonsa na tayar da inji da lura da tanki kada ya tumbatsa. A hawan ƙasa akwai wani dattijo Bazamfare, direba, yana lodi daga tashar Kawo zuwa Gusau, yau tafiya gobe hutu. Baba direba muke ce masa. Wata rana a makonsa ya hawo. Ya ce ya yi gyaran murya, ni dai ban ji ba. Sai ganin mutum na yi a tsaye, kaina ba ɗankwali, rabin kitso a tsefe. Ya kau da kai yana ta "ahuwa, ahuwa", amma ni na riga na hau. Na bi shi har tsakiyar matakala na wanke shi tas. Na ce ko tasha ya ɗauki nan, na ce furfura ba ta koya masa shiga gidan mutane ba. Mutumin nan sa'an mahaifina ne. Abin da ya ce kawai, "Hajiya, wallahi ban ɗaga kai ba."

Ran Lahadi maza suka yi taro a gindin matakala. Aka kira mai walda ya kafa ƙofar ƙarfe a bakin hawanmu, mai sanduna daga sama, aka rubuta BA SHIGA da jan fenti. Namiji in ya zo, ya tsaya ya yi sallama sau uku. In an ce ya shigo, ya shiga. In bai ji amsa ba ya koma, ko da tanki na ambaliya. Wanda ya karya, zai share matakalar gidan daga sama har ƙasa, kwana bakwai. Sharar nan ma ni na ƙara, don na san ba abin da magidanci ya ƙi kamar a gan shi duƙe da tsintsiya. An ce Baba direba ne ya fara cewa ya yarda. Daga ranar, in muka haɗu a ƙofar gida, sai ya raɓe jikin bango in wuce, ni kuma ina jin daɗin abin a raina.

Shekarata bakwai da aure a lokacin, na yi ɓari sau biyu. Ciki na uku ya kai wata takwas, kuma ko tari ina tsoron yi da ƙarfi.

Ranar da abin ya faru, matan gidan kaf sun tafi suna a Mando, har da matar Baba. Ni nauyi ya hana ni. Yara suna makaranta, mijina yana shagonsa a Babbar Kasuwa. Ba wuta tun safe, don haka na bar ƙofar falo a buɗe, labule kaɗai, ko iska za ta shigo. Na ɗora wake a gas na shiga wanka.

Ina cikin watsa ruwa na ji tukunya ta tafaso tana zuba. Na fizgi zani na ɗaura, na fito da sauri ƙafata a jiƙe. A bakin kicin santsi ya ɗebe ni. Na zo ƙasa da ƙugu, zanin ya maƙale a hannun ƙofa ya zame daga jikina. Na yi yunƙurin tashi, ƙafar hagu ta ƙi. Sai na ji wani ɗumi yana bin cinyata. Faya ta fashe.

Ban gama wannan firgitar ba na lura kicin ya yi shiru. Ruwan waken ya kashe wutar. Sai wani siririn huci, sai wari. Gas yana fita, makunnin yana can sama, ni ina ƙasa, tsakaninmu bai fi taku huɗu ba.

Muna da wani tsohon firji a kicin ɗin, soket ɗinsa yana tartsatsi duk sanda aka kawo wuta. Na sha yi wa mijina mita a kai, kullum sai ya ce gobe. A layinmu kuwa wajen azahar ake kawo wuta. Daga inda nake kwance ina hango fankar falo, ita na zuba wa ido. Na san in ta motsa shi ke nan, ni da abin da ke cikina. Wayata tana ɗaki a kan gado. Tsoro irin na ranar ban taɓa jin sa ba.

Sai na ji takun silifas a matakala, a hankali, irin na mai ciwon gwiwa. Ya tsaya a bakin ƙofar ƙarfe.

"Assalamu alaikum."

Baba direba ne. Makonsa ne na ruwa, na manta.

Kullum in na ba da labarin nan a nan nake jin kunya. Ina da murya a lokacin. Da na ce "Baba, taimake ni" da ya ji, don ta sandunan nan ko motsin cokali ana ji. Amma na dubi jikina, ba ko ƙyalle. Na tuna abin da na gaya masa a tsakiyar matakala. Duk mazan duniya a ce shi zai same ni haka? Na yi gum.

"Assalamu alaikum. Masu gida?"

Na miƙa hannu wajen zanin. Na ce bari in jawo shi in rufa tukun, sai in amsa. Yana lilo a hannun ƙofa, yatsuna suna shafar bakinsa ba sa kamawa. Warin ya ƙaru har yana ɗaci a maƙogwarona, ni kuwa ina ta kokawa da zani.

Ya ɗan jima kafin ta uku. Da ma shi ba ya gaggawa da ita.

"Assalamu alaikum."

Na haƙura da zanin na buɗe baki. Daidai nan naƙuda ta murɗa ni, tun daga baya har mara. Numfashina ya ɗauke. Na yi ihu iya ƙarfina, abin da ya fito bai fi hamma ba. Ina ji yana tsaye yana sauraro. Sai silifas ya juya. Na ji saukarsa taka ɗaya-ɗaya, har sautin ya ɓace.

Ya yi daidai. Abin da na ce a yi ya yi, bai rage komai ba.

Na bugi ƙasa da tafin hannu, ba wani ƙara. Na dafa cikina ina jira in ji motsi, shiru. Na ce ya Allah, biyu na rasa ba da laifina ba, kada wannan ya tafi a kan zani. Na yi kalmar shahada. Na yi ta neman gafarar mutumin da ya sauka, a zuci, tunda baki ya ƙi. Daga masallacin layinmu ladan ya fara gwada lasifika, yana ɗan bubbuga ta da yatsa. Azahar ta yi. Idona na kan fanka, har gani nake kamar tana motsi.

Sai gudu a matakala. Ban taɓa jin tsohon nan yana gudu ba. Ya tsaya yana haki.

"Assalamu alaikum! Ɗiyata, Baba na. Warin gas nika ji. Na zare fis na wutar gida duka. Za ni shigowa, da baya za ni shigowa, ki gafarce ni."

Ban iya amsawa ba, shi ma bai jira ba. Na ji ƙarar sakata. Labule ya ɗaga, sai ga bayan mutum. Da baya ya shigo falona, yana lalube bango da hannu ɗaya, ɗayan yana tuɓe rigarsa. Nishina ya bi. Da ya matso sai ya wurgo rigar ta bayansa, ta faɗo mini a ƙirji. Tana warin man mota da goro. Na ja ta na rufa.

"Kin rufa?"

"Na rufa, Baba." Maganata ta farko ke nan.

Ko da haka bai dube ni ba. Ya tsallake ƙafata fuskarsa na bango, ya laluba tukunyar gas ya murɗe ta daga kai, ya banke taga. Ruwan wake ya ƙona shi a hannu, sai daga baya na gani. Yana cikin kaɗa labule don warin ya fita na ji janareton tela na ƙasa ya mutu, na mai aski ma ya mutu, injin mai walda ya ɗauka. An kawo wuta. Na kalli fankata tana tsaye cik, sai kuka ya ƙwace mini.

Baba ya leƙa ta baranda da 'yar shara a jikinsa yana ƙwala wa mai awara ta bakin titi kira. Ita da wasu mata biyu suka hawo, suka suturta ni, suka sauko da ni hawa uku a cikin bargo. Motarsa ya sa ni. Daga Kawo har asibiti hannunsa bai bar hon ba, bakinsa bai bar salati ba. Aka yi mini tiyata, aka ciro 'ya mace, 'yar mitsitsiya. Ta daɗe ba ta yi kuka ba, sannan ta yi.

Kwanana biyar a asibiti. Ranar da aka sallame mu, mijina yana riƙe da ni, Maman 'yan biyu tana ɗauke da jaririya, muna hawa da ƙyar, sai na ji ƙarar tsintsiya daga sama. A hawa na biyu muka iske shi. Baba direba, da furfurarsa, ya naɗe ƙafar wando, hannunsa ɗaya da bandeji, yana duƙe yana tattara ɓawon gyaɗa da ledojin ruwa.

Na dubi mijina. Ya ce a hankali, "Tun daren ranar ya kai kansa ƙara. Mun yi dariya, mun yi rantsuwa, mun roƙe shi. Ya ce ya shiga ba a amsa masa ba."

Da ya gan mu sai ya raɓe jikin bango kamar kullum, idonsa a ƙasa. Ya ce, "Barka da arziki, Hajiya. Allah shi raya."

Na saki mijina na kama tsintsiyar. Na ce, "Baba, don girman Allah ka ba ni. Na ji ka tun sallamar farko. Ina jin ka, na ƙi amsawa."

Ya ce, "Na sani, ɗiyata. Na ga takalminki bakin ƙofa." Ya zare tsintsiyar daga hannuna a hankali. "Hau ki huta. Saura kwana biyu."

Na hau ina kuka, ina jin sharar tana ci gaba a bayana.