Yaya Isaka da Kiran Sunan Uba

Damina bakwai ke nan da muka kai Yaya Isaka makwancinsa a Madarumfa. Wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma shi ya riƙe ma'aikatan lambunan ƙungiyar manoma da ke bakin tabki har ciwo ya kwantar da shi. A sauran shekaru da kewa nake tuna shi. Bana da tsoro nake tuna shi, kuma ba zan ɓoye ba.

Yaya yana da wata dabara da ya ɗauko daga gayya, inda makaɗa ke zuga masu noma. Idan rana ta take, hannuwa suka yi sanyi, ba ya faɗa, ba ya barazanar kora. Sai ya ɗaga murya ya kira mutum da sunan ubansa, ya faɗi wata bajintar da uban ya taɓa yi. "Ina ɗan Nomau, wanda ya gina rijiya a Safo shi kaɗai?" Sai ka ga ɗan Nomau ya zabura kamar an tsikare shi. Mukan yi wa Yaya tsiya cewa maroƙi ne da ya ɓata hanya. Shi kuwa yakan ce mutum yana aiki don cikinsa, amma don sunan gidansu yake wuce iyakar ƙarfinsa.

Yau ni ke shugabantar masu allurar rigakafi a wata ƙaramar likita, wato asibiti. Kwanan baya an kai mu formasiyo, wato horo, Maraɗi a kan abin da ke sa ma'aikaci ƙwazo. An ce wasu masana na ganin buƙatun ɗan Adam hawa-hawa ne: ci da sha tukuna, sai tsaro, sannan yabo da girma. Wasu kuma sun ce albashi gunaguni kawai yake hanawa, ƙwazo yana zuwa ne idan an ga aikinka an yaba. Na yarda da su, har na riƙa ganin Yaya cikin maganar. Amma batun tsaron nan ya tsaya mini a wuya.

Ƙyanda ta ɓulla a wasu ƙauyuka ta wajen daji, kusa da iyaka, kuma hanyar ba ta da aminci. 'Yan bindiga na tare moto, wato babur, suna ɗauke mutane. Da na ambaci ƙauyukan a taronmu na safe, babu wanda ya ce zai je. Hamisu, wanda ya fi kowa sanin hanyar, ya sunkuyar da kai. Matarsa na da tsohon ciki.

Na san uban Hamisu. Masunci ne da ya taɓa fid da mutane daga tabki ranar da kwale-kwale ya kife. Kalmomin Yaya sun taho har bakina, kuma na tabbata in na faɗe su gaban abokan aikinsa ba zai iya cewa a'a ba. A nan na tsaya na yi tunani. Yaya kan fangalin albasa yake tura mutane, iyakar abin da zai same su ciwon baya. Ni kuwa zan tura mutum inda ba lallai ya dawo ba, kuma da sunan ubansa zan ɗaure shi. Da Yaya na raye, anya zai buɗe baki a wannan zamani? Na haɗiye maganar.

Bayan la'asar na sami Hamisu shi kaɗai yana gyaran moto.

"Hamisu, in ba ka zuwa, babu mai ganin laihinka."

"Shef, tsoro nika ji, ba ni ɓoye maka," ya ce. "Amma ɗiyan mutane na kwance. Kai hwa, kana zuwa?"

Ni kuwa ban taɓa sa kaina a tafiyar ba. Ina tsaye nan na tuna cewa Yaya bai taɓa kiran sunan uban kowa daga inuwa ba. Kullum kwashe, wato fartanya, na hannunsa, yana layi ɗaya da wanda yake zugawa, gumi na zuba. Na gaji muryarsa da kalmominsa, kowane ƙane zai iya gadon waɗannan. Abin da ya bari mai nauyi shi ne wurin da yake tsayawa idan zai yi kiran.

Na ce wa Hamisu ina zuwa. Laraba da safe zan hau bayansa da akwatin allura. Allah Ya jiƙan Yaya Isaka, mu kuma Ya kai mu lafiya Ya dawo da mu. Har yanzu ban faɗa wa matata ba.