Makinta Ya Fi Nawa

A sakandarenmu ta Gwandu benci ɗaya muke zama ni da ƙawata. Mahaifinta Bayerabe ne mai gyaran injin ban-ruwa a bakin kasuwa, tun yana saurayi ya zo garin. Nan aka haife ta, nan ta yi wayo. Hausarta ma ta fi tawa fita, don mu daga rugar wajen Dodoru iyayena suka shigo gari, rabin maganar gidanmu Fulatanci ce.

Muna aji biyar aka ɗauke malamin kemistiri, ba a kawo wani ba. Ita ce ke karanta littattafan yayanta a gida, in an fita tara ta zaunar da mu a gindin dogon-yaro ta yi mana bayani.

Mu biyun jami'ar Kalgo muka zaɓa, fanni ɗaya. Har mun raba kaya: ita ta kawo risho, ni tukunya da man shanu. Da sakamakon jarrabawar shiga ya fito, makinta ya fi nawa nesa ba kusa ba. Na taya ta murna, na fara shirin sake zaman jarrabawar baɗi.

Sai ga shi ni aka ɗauka, ita ba a ɗauke ta ba.

Ba wanda ya kira mu ya yi bayani, amma mun san tsarin. Ana ware gurabe don 'yan yankin da 'yan jihohin da suka makara a karatun boko. Ita kuwa a wurin hukuma 'yar jihar kakanninta ce, can kudu, inda rabonta da zuwa tun tana goye.

Washegari mahaifiyarta ta yi sallama gidanmu da kwanon alala. "Inna, barka! 'Yarmu ta samu, Allah ya sa albarka." Ina ɗaki ina jin su. Na fito, na koma, na sake fitowa, na rasa inda zan sa kaina. Daga ƙarshe na zari mayafi na nufi gidansu. Na tarar da ƙawata tana wanki.

"Ke, mi kika tsaya yi awa baƙuwa? Kama mu matse zanen ga."

Na kama. Muna murɗawa na ce, "Wallahi ban san mi zan ce maki ba."

"Kar ki ce komi. Ke kika ɗauki kanki?"

Ba ta ɗago ta dube ni ba.

Na samu Kawu, yayan Inna, na ce ina jin kamar in bar gurbin. Ya ajiye igiyar da yake tufka. "Ki bar ma wa? Kina zaton ita za a kira? Dubi rugarmu kaf, wa ya taɓa taka jami'a? In ba a yi haka ba, ko jikokinki ba su shiga." Gaskiya ya faɗa, na sani. Amma hankalina bai kwanta ba.

A Kalgo na riƙa karatu kamar ana bina a guje. Duk makin da na ci sai in tambayi kaina, da ita ce nawa za ta ci? Wata rana a ɗakin gwaji wani ɗan ajinmu daga kudu ya ce cikin wasa, ku ai ko barci kuka yi a jarrabawa ana ɗaukar ku. Na taso masa. Na ba shi labarin ajin da ba malami, da rufin da ke yoyo, da yadda na fara taɓa kwamfuta ana gab da jarrabawa. Har ya ba ni haƙuri. Ina hanyar komawa ɗaki na tuna cewa wannan ajin dai, da yoyonsa, shi ƙawata ta zauna. Na wuce ƙofar ɗakinmu ban shiga ba, na yi ta zagaya filin makaranta har aka kira la'asar.

In na zo hutu sai in bi ta bayan kasuwa don kar in ga mahaifinta, in na isa gida kuma in kasa zama sai na je gaishe shi.

Da shekara ta zagayo ta sake zaman jarrabawar, ta zaɓi jami'a a jihar kakanninta, aka ɗauke ta. Can kuma Bahaushiya suke ce mata, saboda Yarabancinta a karkace yake. Takan bugo waya ta ce, "Yi min Hausa kawai, ko mine ne, in ji." Ta gama, ta samu aikin asibiti, ta yi aure a can. Gwandu sai dai ziyara.

Bara muna waya na daure na tambaye ta ko ta riƙe ni a zuciya.

Ta ce, "Ke a'a. Garin na riƙe. Na ɗauka nawa ne."

Na buɗe baki zan yi magana, sai na ji ɗanta ya fasa kuka. Ta ce bari ta duba shi, ta kashe wayar.