Kibiyar Tamu a Jikin Ɓauna

Dado tana tsakar gida tana feren doyar sakwara sa'ad da Tori, ɗan ƙanin mahaifinta, ya faɗo da gudu, kibiya a hannunsa. Sandar ce kawai, babu kan ƙarfen, sai jijiyar ɗauri tana reto jiƙe da jini. Duk haifaffen garin Warakuru ya san abin da wannan ke nufi: ƙarfen yana jikin wata dabba, dabbar kuwa ba ta mutu ba.

Mahaifinta, Tamu maharbi, ya ajiye icen da yake feƙewa. "Mece ce?"

"Ɓauna ce, Baffa. A gonar masarata na same ta."

"Da wacce ka harbe ta?"

Tori, magidanci guda, ya sunkuyar da kai. "Mai faɗin nan da na ara a kwarinka. Na ga ta fi ban tsoro."

"Ban tsoro! Ita ɓaunar ce ta gaya maka tana jin tsoro?"

Tamu bai taɓa riƙe bindiga ba. Tun yana saurayi shi ke yanko sandar dargaza da kansa, ya miƙar da ita a kan garwashi, sannan ya nufi maƙerar abokinsa Gunu. Ba ya zaɓen ƙarfe sai da sandarsa a hannu. Zai cusa ƙarfen a sandar, ya ɗora kibiyar a kan yatsa, in ta cika rinjaye gaba ya cire ya gwada wani.

"Ka yini kana latsa mini kaya kamar mai zaɓen tumatir," in ji Gunu kullum.

"Da ka iya ƙira ai da na tafi tun ɗazu."

Kowace dabba da irin nata kan kibiyar a wurinsa. Zabo, dunƙulen ice ya ishe shi. Gada da barewa, masu fata sakayau, faffaɗa mai kamar ganyen mangwaro, don jini ya zuba da sauri dabba ta huta. Gwanki da ɓauna kuwa sai siriri, dogo, mai nauyi, wanda zai ratsa tsakanin haƙarƙari. Faffaɗa a jikin ɓauna ƙashi yake samu ya tsaya, ya bar ta da ciwo da fushi. Da naman kibau ɗin nan ya riƙe gida, da shi Dado ta yi karatu a Paraku har ta gama jami'a bana. Ranar da ta dawo, babu rumfar kasuwa da bai tsaya ya ba da labari ba.

A Warakuru kowane maharbi da alamarsa a wuyan ƙarfe. Ta Tamu sawun tsuntsu ce. Dabba kuma ta mai ƙarfe ce, ko wane ne ya ja tsirkiya. In ta faɗi, cinya tasa. In ta tsere da rauni, shi zai bi ta.

Dado ta ga mahaifinta ya jawo kwari, ta sha gabansa. "Baba, ba kai ka harba ba fa. Bari in kira masu gadin daji, suna da bindiga."

"Kira su, 'yar boko, wayar ai taki ce." Ya juya ga Tori. "Ina ta nufa?"

"Wajen rafi."

"Kin ji. Mata suna hanyar ɗebo ruwa yanzu." Ya dafa kafaɗarta. "Shekara da shekaru ana kawo mini cinya a kan kibiyar da na ba da aro, ban taɓa cewa ba ni na harba ba. Yau ne zan ce?"

Ya zazzage kwarin a tabarma, ya ware masu faɗi gefe guda. Siraran ya bi su ɗaya bayan ɗaya, yana murza sanda a tafi, yana gwada kaifi a farce, yana jijjiga ɗauri. Wata ya shinshina jijiyarta ya ajiye. Dado kuwa tana gefe tana kiran masu gadin daji.

Gunu ya shigo yana haki, labari ya kai masa. "Tsoho, da wannan gwiwar taka?"

"Ta fi zugazuginka lafiya."

Gunu bai rama ba. Ya ɗauki kibiya guda ya duba bakinta, ya mayar masa. "Wannan ƙirata ce ta ƙuruciya. In ta ba ka kunya, ka zo ka ƙone maƙerar."

Tori ya ce zai bi shi. Tamu ya girgiza kai. "Ka zaɓa wa yau abin da ya ishe ta. Ruga ka mayar da mata gida."

Ya rataya kwari, ya fita ta ƙofar baya. Mazan da suka taru a waje suka buɗe masa hanya, tsofaffi suna kiran sunan kakansa, wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Dado ta ji kanta ya ɗaukaka: wancan mai ɗingishin ubanta ne.

Mata sun dawo da tuluna wayam, babu wadda ta ji ciwo. Masu gadin daji sun ce suna hanya. Dado ta daka sakwarar, ta rufe wa mahaifinta tasa. Rana ta karkata, tana bakin gari tare da Gunu suna kallon hanyar rafi. Har yanzu Tamu bai dawo ba, babu kuma wanda ya zo da labarinsa.