Ƙwallon da Na Ci Gida a Gusau

A shekarar da ake kankare ƙasar gubar dalma a Abare da Yargalma, ni hankalina gaba ɗaya yana kan ƙwallo. Ina buga baya a ƙungiyar garinmu, Anka. Ba ni da gudu sosai, amma ina da tsayi, kuma ba na tsoron sa kai. Wani koci ya gan ni a wasanmu da Gummi, ya ce in zo gwaji. Haka na bar gida na shiga wani kulob na ƙwararru a wata jiha mai nisa.

Baba manomi ne, bai taɓa tsayawa kallon ƙwallo ba. Ranar da zan tafi, abin da ya ce kawai shi ne in riƙe salla. Bai hana ni ba, amma na san ya fi son ya gan ni da fartanya.

Kakar farko a benci na yi ta. A ta biyu mai buga lamba biyar ya karye, aka sa ni, na kuma riƙe wurin. Har a rediyo an fara ambaton sunana. Ana cikin haka jadawali ya kawo mu Gusau, za mu kara da 'yan gida.

Kawuna na Gummi, ƙanen Inna, shi ya tada maganar a zo a kalle ni. Ya ɗauko hayar bas, ya biyo ta Bukkuyum ya kwashi 'yan'uwanmu na can, ya tsaya Anka ya cika da abokaina. Yadda ya yi ya shawo kan Baba har yau ban sani ba. Ranar wasan ina ɗumama jiki na hango Baba a layin gaba, da babbar rigarsa ta Juma'a, ya dafa sandarsa yana ta dube-dube, bai gane ni ba cikin masu jesi iri ɗaya sai da Kawu ya nuna masa.

Wasan ya fara mini da kyau. Ɗan gabansu bai samu wucewa ta wajena ba. Can kafin hutun rabin lokaci suka samu bugun kwana. Ƙwallon ta taso da ƙarfi, na yi tsalle na riga kowa, niyyata in kore ta waje. Sai ta goge mini gefen kai, ta haye golanmu, ta faɗa raga.

Filin ya kaure da ihu, don 'yan gida ne aka ci wa. Ina durƙushe a ƙasa na ji wata murya da na sani tun ina goye. Na ɗaga kai. Baba ne a tsaye, ya ɗaga sanda sama, yana cewa, "Ɗana na! Ɗana na wanga!"

Ya ga ɗansa ya sa ƙwallo a raga, ya ga dubban mutane suna murna, sai ya ɗauka ni ake yi wa. Mutanenmu duk sun sunkuyar da kai, Kawu yana jan gefen rigarsa. Magoya bayan Gusau da ke kusa suka fahimci abin da ke faruwa, suka fashe da dariya, wasu har suna miƙa masa hannu, shi kuma yana karɓa yana godiya. Na ga lokacin da Kawu ya raɗa masa magana a kunne. Ya sauke sandar a hankali, ya zauna.

Koci bai mayar da ni ba bayan hutu. Da wannan ƙwallon aka ci mu.

Na so in shige motar kulob in ɓuya, amma ba yadda za a yi mutane su zo tun daga Gummi in ƙi gaishe su. Na same su a bakin bas. Abokaina suna ta cewa ba komai, ba wanda ya dubi idona. Na durƙusa gaban Baba. Ya miƙo mini furar da Inna ta aiko da ita.

Ya ce, "An ce mini ba can ya kamata ka sa ta ba."

Na ce, "Haka ne, Baba."

Sai ya ce, "To, ni dai na ga ka hi kowa tsalle."

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Kafin in dawo hutun salla maganar ta gama Anka. Duk wanda ya ci gida, ko a filin makaranta ne, sai a ɗauki ihu, "Ɗana na!" Ban damu da kaina ba kamar yadda na damu da dattijon da bai taɓa zama abin dariya a garinsu ba sai ta dalilina. Ya rage zama a majalisar ƙofar masallaci na wani lokaci.

A kulob kuma ban sake zama yadda nake ba. Ƙwallo in ta taso sama sai in yi jinkiri, ɗan baya kuwa ba ya jinkiri. Mai lamba biyar ya warke ya karɓi wurinsa. Ƙarshen kaka aka sallame ni. Na koma wani kulob a rukuni na ƙasa, daga nan wani, har gwiwata ta ƙi, na tattaro na dawo gida. Baba ya rasu damina biyu bayan dawowata, ba mu taɓa tada zancen Gusau ba.

Bayan an share makoki Inna take gaya mini cewa tun daga wancan wasan, duk Lahadi da la'asar sai Baba ya aika a kira maƙwabcinmu mai rediyo ya kamo masa tashar wasanni. Ba ya gane abin da ake faɗa, tambaya ɗaya yake yi, ko an sa ni. Maƙwabcin ya ce ba a sa ni ba, shi kuma ya ce to, ya tashi ya yi alwala. Inna ta ce haka ya yi ta yi har kakar ta ƙare, bai fasa ko sau ɗaya ba.