Tukwane Bakwai na Jibrin

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Jibrin ɗan Hamad mai lambu ya rasu ranar Talata, sha ɗaya ga Zulƙida, wato sha bakwai ga Satumba 2013, bayan la'asar, a wani asibiti a Giza, a nan ƙasar Masar. Ya yi kwana arba'in da biyu a kwance. Shi ne mutum na sha huɗu daga garinmu Mai Wurno da na sa a ƙasa da hannuna a garin nan, kuma ina riƙe da sunan kowannensu da na ubansa. Ni Ɗanmalam ban iya rubutu ba. Ƴata Widad ce ke rubutawa, ni ina faɗa.

Jibrin, mutane sun zo gaisuwa suna kuka, ni ina zaune ina kallon takalmansu a bakin ƙofa. Har yau hawaye bai zo mini ba. Ina cin abinci, ina share matakalar gidan da nake gadi, ina amsa sallama. Shi ke nan.

Tare muka yi kiwon awaki a bakin kogi, tare muka shigo Masar. Ni na zama bawwab, wato mai gadin gida, kai ka samu aikin lambu a gidan wata tsohuwar Baturiya a unguwar Muhandisin, shekara goma sha tara. Ba ka taɓa wuce ni da hannu wofi ba, ko da damin na'ana'a ne. Da matata ta rasu, wata guda kana kawo mana tuwo a kwano daga hannun matarka Mahasin, ka ajiye ka tafi. Ɗalibanmu na unguwar Abbasiyya sun san ka. Duk wanda ya sauka sabo, kai ne mai nuna masa motar da zai hau da wadda zai guje wa.

Da gari ya rikice a 2011 Baturiyar ta koma ƙasarsu, ta bar maka saiwar wani tsiro da take kira betoni. Kai kuma kake ce masa ganyen Madam. Ɗakinku ba ya samun iska, sai ka kawo shi rufin gidan da nake gadi. Ka raba saiwar da wuƙa, ka dasa a tukwane bakwai, ka yi musu rumfa da tsohon buhu. Ganyensa mai tsaga-tsaga ne a baki, furensa shunayya, a tsaye kamar ƙaramar zangarniyar gero. Kana shanya ganyen a inuwa, kana ba masu ciwon kai su dafa kamar shayi. Suna cewa yana yi musu. Ni ban taɓa sha ba, na ce ciyawar Turawa ba ta san kan Bahaushe ba. Ka yi dariya ka ce, “Kanka dai ko guduma ba ta san shi ba.”

Ranar da za a kai ka asibiti ka riƙe hannuna ka ce, “Ɗanmalam, zafin nan zai ƙone shi. In ka ga ya bushe ka bar shi, barci yake. Ruwa kaɗan, kwana uku-uku. Sanyi na shigowa zai tashi.”

Na ce, “Tamam, na ji.”

A nan Widad za ta rubuta abin da ya sa na ce a yi takardar nan.

Ya bushe kamar yadda ka faɗa. Na hau na tarar da kara baƙi, ganye yana marmashewa a hannu. Ni manomi ne ɗan manomi. A wurinmu in kara ya bushe an gama da shi, sai a tuge a gyara wuri. Na ce a raina Jibrin ya daɗe da Baturiya har ya ɗauki zancenta. Na kuma ce kada ka dawo daga jinya ka tarar da busassun itatuwa. Sai na tuge su duka bakwai, na shuka lalo a wurin, don ka tarar da kore. Na ƙarshen da na tuge, saiwar ta karye a hannuna. Cikinta fari ne, da danshi. Na tsaya ina dubanta. Sannan na zuba su a buhu na ba mai kwasar shara, saboda na riga na fara, kuma ni ban saba komawa baya ba.

Sau biyar na zo duba ka bayan haka. Kowane zuwa, kafin ka tambayi lafiyar kowa sai ka ce, “Yaya mutanena na sama?” Ni kuma in ce suna nan. A zuwa na ƙarshe muryarka ta yi ƙasa, ka ce, “Ka ga, ban ce maka ba? Haƙuri kawai yake so.” Na ce haka ne. Ka tafi da wannan.

Widad ta ajiye alƙalami tana kallona. Na ce ta ɗauka.

Mahasin tana takaba. Ranar sadakar uku ta aiko a gaya mini in ci gaba da ban ruwa, in ta fita za ta karɓi tukwanen, domin cikin duk abin da ka bari su ne masu rai. Sau biyu na je har ƙofarta, na gaishe ta daga bayan labule, na dawo ban faɗa ba. Don haka a karanta mata wannan.

Mahasin, babu su. Ni na kashe su, ba zafi ba. Ya ba ni amana, na yi abin da na ga dama, na kuma yi masa ƙarya yana kan gadon mutuwa. Tukwanen suna nan, lalo ne a ciki. Shi ba zan same shi in roƙe shi ba sai ranar tsayuwa. Ke kina nan. In kin yafe, ki aiko. In ba ki yafe ba, ba zan ce kin yi laifi ba.

Allah Ya jiƙan Jibrin ɗan Hamad, Ya yalwata kabarinsa, Ya sanyaya masa makwanci, Ya sa jinyarsa ta zama kaffara. Allah Ya ba Mahasin da ƴaƴansa Isam da Awadiyya haƙuri, da dukan mutanenmu na nan da na gida. Wanda ya yi masa addu'a, in da sauran numfashi, ya sa ni a ciki.